Yadda Muka Koyi Fushi da Turanci a Jalingo

Yaron da ya tashi a Jalingo a shekarun 1980 ba ya kwana bai taɓa harshe uku ko huɗu ba, kuma kowane harshe da wurin aikinsa. Fulatanci na cikin gida ne da ƙofar fada. Hausa ta kasuwa ce da tasha da makarantar allo. Yaren Mumuye muna jin sa a bakin matan da ke shigowa da doya da itace daga ƙauyuka, mu tsinci gaisuwa da lissafin kuɗi. Mutanen Kona suna da nasu Jukunancin. Turanci shi ne baƙo a cikinsu, iyakarsa ƙofar aji, da an kaɗa ƙararrawar tashi sai mu bar shi can tare da alli. A lokacin garin hedikwatar ƙaramar hukuma ne kawai a tsohuwar Jihar Gongola, gwamna yana Yola, abin tinƙahonmu shi ne gadon sarautar Muri, wanda yake nan tun da Muhammadu Nya ya kafa garin a 1893.

Abin da ya sa na waiwayi wancan zamani wata tambaya ce da ta daɗe tana ci mini rai: da wane harshe mutanen garinmu suke fushi, kuma yaushe abin ya sauya? Yau in ka tsaya a bakin babbar kasuwa ko a kan titin Hammaruwa, mai mota ya gogi ɗan Keke Napep, za ka ji an fara cacar baki da Hausa. Amma da zarar rai ya ɓaci sosai, wanda ya ɗan taɓa boko a cikinsu sai ya juye Turanci. Na ga lokacin da ba haka ake yi ba, na kuma ga yadda aka zo nan, domin sa'o'ina ne suka fara ɗaukar wannan Turancin, wani a aji, wani a titi.

A gidanmu fushi ba shi da murya. Kakarmu ta wajen uwa Bafulatanar Muri ce, Dada muke ce mata. Kullum cikin wasa take da jikokinta maza, wannan "angona", wancan "maigidana", har ranar da ɗaya daga cikinmu zai yi abin da bai dace ba. Ranar ba za ta ɗaga murya ba, ba za ta nemi tsumagiya ba. Sai dai ta kira yaro da sunansa na yanka, ta tura masa kwanon tuwonsa ba tare da ta dube shi ba. Wanda aka yi wa haka tuwon ba ya wuce masa. In kuwa mu ne muka kaure da faɗa a tsakar gida, kalma biyu take jefowa daga bakin ƙofar ɗakinta, "waɗu munyal", wato a yi haƙuri, kuma wanda aka cuta take fara gaya wa kafin ta juya kan wanda ya yi cutar. Sai da na girma na san wannan tarbiyya tana da suna a wurin Fulani, pulaaku, kuma haƙuri da kunya da hankali su ne ginshiƙanta. A wurin Dada, babba ya bari yara su ga fushinsa a fili abin kunya ne da ya fi laifin da ya jawo fushin.

Mahaifinmu kuwa ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, kakanninsa fatake ne da suka gangaro daga ƙasar Kano. Shi yana da zuciya, kowa a layinsu ya sani. Amma na sha ganin mai saye ya yi masa tayin wulaƙanci, ko wanda yake bi bashi ya zo da baƙar magana maimakon kuɗi, in ga jijiyar wuyansa ta miƙe, sai ya jawo kujera ya zauna, ya yi a'uziyya, ya ce da ni, "Kai, miƙo mini buta." Kafin ya idar da alwala, mutumin ko ya tafi ko ya sauko. Abin da malaminmu na allo yake karantar da mu ke nan: mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya taɓa ruwa, kuma kada gaba ta wuce kwana uku. Maƙwabtanmu Kirista ma na sha jin iyayensu suna yi musu horo kada su kwana da wani a rai.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin garin waliyyai nake bayarwa. Ana faɗa a Jalingo, ƙwarai kuwa. Kishiyoyi suna yi, mata suna yi a layin famfo, mahauta suna yi, 'yan kamasho suna yi a tasha har a keta riguna. Hausa kuma ba ta rasa sunayen abin ba. Tana da haushi da takaici da ɓacin rai, tana da hasala da harzuƙa da tunzura. Mutum ya haɗe rai, ya sha kunu, ya yi kicin-kicin da fuska, ya cika ya batse, zuciya ta ɗebe shi har idonsa ya rufe. Akwai kuma waɗanda ba kalmomi ba ne amma babu wanda ke neman a yi masa bayaninsu: tsaki, harara, ƙwafa. Yaron da ya yi wa babba tsaki ya san abin da zai biyo baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan zamani shi ne, duk hanyar da fushi zai fitar da mutum an tanadar mata hanyar dawowa. Mace ta yi yaji, akwai biko, dangin miji su ɗauki goro da lallausan harshe su tafi. Maza biyu sun ƙulla gaba, akwai mai unguwa, akwai liman, akwai abokin wasa: Babarbare ya faɗo tsakanin Fulani biyu ya yi ta zuba musu tsokana har dariya ta ƙwace musu ba su shirya ba. Ko baƙo mai wucewa yana da ikon ya jingine kekensa ya ce, "Haba bayin Allah, ku dubi girman Allah ku yi haƙuri," kuma a saurare shi. Shi ma mai fushin an bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Sai ya ce, "Ka ci darajar Baffa," ya kaɗe riga ya tafi. Bai ce an fi ƙarfinsa ba, furfurar dattijo ya duba, kuma jama'a su bi shi da yabo. Har yau ban ga dabarar kashe wutar faɗa da ta kai wannan ba.

Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Lardin Adamawa lokacin da Muri take cikinsa, ya wallafa ɗan littafi a 1974 a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki. Ya lissafa halaye goma, a ciki har da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci. Rabin lissafin ke nan, kuma dukansu sai ranar da rai ya ɓaci ake gane mai su. Na karanta shi bayan na girma, ban ga wani abu a ciki ba da Dada ba ta riga ta koya mana da sunan yanka da kwanon tuwo ba.

Da wannan guzuri muka shiga sakandare. A can doka ce ba a magana da harshen gida. Wanda aka kama yana Hausa ko Fulatanci ko yaren Mumuye sai a rubuta sunansa, ya yanki ciyawa ko ya biya tarar kwabbai. Saboda haka hatta faɗan ɗakin kwana sai da Turanci, muddin akwai firifet a kusa. Littattafan da ba sa barin hannunmu su ne Students' Companion na Wilfred Best da First Aid in English na Angus Maciver, masu jerin karin magana da salon zance shafi bayan shafi. Muka riƙa haddace su yadda muka saba hadda a allo, domin mun san a jarrabawar WAEC za a kawo jimla a ce ka zaɓi ma'anar da ta fi kusa da ita. Na fushi su suka fi burge mu. Wai mutum ya ga ja, ko ya bugi rufin ɗaki, ko fiyus ɗinsa ya ƙone, ko ya saki tururi. Muna iya jero su tiryan-tiryan, "see red", "hit the roof", "blow a fuse", "let off steam", amma hoton da ke bayansu ba ya zo mana. Tururin na injin jirgin ƙasa ne da na masana'antun Ingila, mu kuwa jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Jalingo ba, sai wanda ya je Gombe ya dawo ya ba mu labari. Fiyus na gidan da ke da lantarki ne, yawancinmu kuwa da fitilar ƙwai muke karatun dare. Muna cin maki da su, amma ba su da ɗanɗano a bakinmu.

Wanda ya buɗe mana ido malaminmu ne na Turanci a manyan azuzuwa, dattijo ɗan ƙabilar Mumuye daga wajen Zing, wanda ya yi karatu a hannun 'yan mishan. In yana Hausa ko Fulatanci ba ka ce ba da su aka yaye shi ba, sai dai ba ya yi a aji. Wata rana ya shigo riƙe da wani tsohon gatari da ya aro daga masu dafa abincin makaranta, ƙotarsa ta yi sako-sako. Ya fitar da mu bayan aji, ya sa muka ja da baya sosai, sannan ya ɗaga ya kai wa wani kututture sara. Ruwan gatarin ya fice, ya yi sama, ya faɗa can cikin ciyawa, ƙota kaɗai ta rage a hannunsa. Da ita ya rubuta a ƙasa: "fly off the handle". Sannan ya karya dokar makaranta da bakinsa, ya yi mana Hausa.

"Yarana, kun ga inda ya faɗa? Ni na aike shi can? To haka mai fushi yake. Nauyin yana nan, kaifin yana nan, amma ya bar hannu, kuma shi kansa bai san kan wa zai sauka ba."

Duk yaron da ya taɓa faskare ko sassabe ya gane nan take. Ranar muka fara fahimtar cewa Turawa ma mutane ne masu gona da gatari kafin su yi injin, kuma abin da suke tsoro a fushi shi ne abin da iyayenmu suke tsoro.

Shi ne kuma ya nuna mana cewa fushin Turanci hawa-hawa ne. Ya rubuta "irritated" a ƙasan allo, sama da shi "annoyed", sai "angry", can ƙololuwa "furious". Ya ce na biyun nan ƙaramin abu ne a wurin masu harshen, irin haushin da sauro ke ba mutum, amma mu 'yan Nijeriya mun ɗora masa komai, daga ɓatan alƙalami har cin amana. Ya ba mu labarin Turawan da ya yi aiki a ƙarƙashinsu, ya ce su iyakar ɓacin ransu iyakar saukar muryarsu da tsabtar kalmominsu. In firinsifal ya kira ka ofis ya ce ya ɗan ji ba daɗi da abin da ka yi, to fara haɗa kayanka. Na tuna na yi mamaki ƙwarai, domin wannan ai halin Dada ne. Ya kuma somo mana ɗaya ɓangaren: yadda ake neman afuwa da Turanci, yadda ake janye maganar da ta suɓuce, yadda ake gaya wa mutum ba ka yarda da ra'ayinsa ba ba tare da ka taɓa mutuncinsa ba, yadda ake roƙon mai fushi ya sassauta. Sai dai waɗannan ba su cika fitowa a jarrabawa ba, manhaja kuma ba ta jira, don haka ba su samu lokacin da ya kamace su ba. Allah Ya saka wa wannan dattijo da alheri, ya ga abin da muke buƙata tun kafin mu san muna buƙatarsa.

Amma Turancin fushin da ya fi shiga kunnenmu ba daga littafi ya fito ba, daga bariki ya fito. Tun daga ƙarshen Disamba 1983 har zuwa Mayu 1999, in ka cire 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya ta 1993, soja ne ke riƙe da Nijeriya. A Maris 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, aka shiga sa magidanta tsallen kwaɗo saboda makara ko tsallake layi. Harshen wannan zamani gajere ne, na tsawa da umarni: "nonsense", "idiot", "bloody civilian", "I will deal with you". Ba shi da hawa-hawa, daga ƙololuwa yake farawa. Firifet ya kwaikwayi soja, ƙaramin ma'aikaci ya kwaikwayi babba, yara suka kwaikwayi kowa. Kuma tun muna ƙanana mun lura da abu guda: wanda ya yi tsawa da Turanci ba a cika mayar masa da martani ba. Ko ba shi da gaskiya, mutane sukan yi shiru, don ba a san ko wane ne a bayansa ba.

Ranar 27 ga Agusta 1991 Janar Ibrahim Babangida ya raba Gongola biyu, Adamawa da Taraba, Jalingo ta wayi gari babban birnin jiha. An yi murna, kuma murnar ta dace. Sai motoci suka fara shigowa daga Yola ɗauke da ma'aikata da iyalansu da tarin fayil. Mutanen Wukari da Takum da Bali da Gembu da Karim Lamido da Lau, kowa ya taho babban birninsa. Garin bai shirya wa wannan taro ba. Ofisoshi suka rarrabu a gidajen haya, kuɗin haya ya tashi, ruwa ya yi kaɗan, layi ya yi tsawo a banki da asibiti. Mutanen da ba su san juna ba, ba su san iyayen juna ba, suka wayi gari suna gogayya a ƙofa ɗaya. Tsohon tsarinmu na kashe faɗa kuwa a kan sanayya aka gina shi. Kafin ka ce wa mutum ya ci darajar Baffa, sai ku biyun kun san Baffan. Yanzu babu shi a tsakani. A nan ne na fara jin wata tambaya da ta zama ruwan dare: "Do you know who I am?" A tsohuwar Jalingo ba mai yin ta, domin kowa ya san ko kai wane ne, ya san ubanka, ya san gonar kakanka.

A daminar 1994, lokacin da ma'aikatan man fetur suka tafi dogon yajin aiki a kan soke zaɓen 12 ga Yuni, mai ya yi wuya, mutane suna kwana a layi. Ina tsaye a wani gidan mai riƙe da babur, sai ga wata motar gwamnati ta biyo ta ƙofar fita tana so ta shiga. Maigadin wurin tsoho ne, gemunsa fari fat, yana riƙe da igiyar da aka tare ƙofar, ya ɗaga hannu ya ce a bi layi. Wani matashi sanye da kwat ya fito daga gidan baya ya rufe shi da Turanci. Ya kira shi jahili, ya kira shi wawa, ya ce kafin faɗuwar rana zai sa a kore shi daga aiki. Tsohon bai ji kalma ɗaya ba, amma ya ji komai. Layi ya yi tsit. Da matashin ya tsaya shan iska, sai tsohon ya dube shi ya ce,

"Ɗana, ban ji abin da ka faɗa ba. In zagina ka yi, maimaita da Hausa in ji, don in san abin da zan yafe maka."

Matashin yana jin Hausa sarai, da ita ya yi wa direbansa magana da zai fito. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi jama'a, ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Baba, yi haƙuri," ya koma mota, suka ja baya.

Na daɗe ina juya abin da ya ɗaure masa harshe. Turanci yana ba ka damar ka fuskanci sarki da yaro da tsoho da kalmar kira guda, ba tare da ka ajiye kowa a matsayinsa ba. Da Hausa kuwa, a garinmu, ba ka fara magana da farin gemu sai ka sa masa suna: Baba, Baffa, Kawu, Malam, ranka ya daɗe. Mace kuma Inna ko Goggo ko Adda. Bakin da ya riga ya ce Baba, da wuya ya iya ɗora wawa a kai. Kunyar da aka shayar da wannan matashi da ita tana nan, ba ta mutu ba, a cikin harshen uwarsa take zaune. Turanci ya ba shi hanyar da zai zagaye ta, tsohon kuma ya tare hanyar.

Masana sun auna wannan abu. A 2003 wata malamar jami'a a Boston ta Amurka, Catherine Harris, da abokan aikinta sun tara Turkawan da suka koyi Turanci bayan sun girma. Suka maƙala musu na'urar da ke auna motsin gumin fata a yatsu, suka riƙa jiyar da su kalmomin ashar da irin faɗan da iyaye ke yi wa yara, wani da Turkanci, wani da Turanci. Jikinsu ya fi amsawa in da harshen uwa aka yi. Ke nan zagi da harshen aro bai kai na harshen uwa nauyi ba a wurin wanda ya ari harshen. Abin da na'urar ba ta auna ba shi ne kunnen wanda ake zagi da harshen da bai iya ba. Tsoho irin maigadin nan duka biyu yake sha a lokaci guda: ga zagin, ga tunin cewa bai je makaranta ba, a gaban jama'a, daga bakin sa'an jikansa.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren, domin in na tsaya a nan na yi son kai. Taraba jiha ce mai harsuna gwammai. Ga Bajukune ko ɗan Kuteb ko Tibi ko Mambila ko Jenjo, Hausa ba harshen ɗakin uwarsa ba ce, kuma akwai tarihin da ya sa wasu ba sa son a tilasta musu ita. A wurinsu Turanci fili ne da ba wanda ya gada, kowa da takardarsa ya shigo. Na ga tarurruka da dama a Jalingo da Turanci ne ya hana su watsewa. Bayan haka, fushin harsunanmu na gida yana da dafin da Turancin bariki ba shi da shi. Mu ne masu zagin uwa da uba, masu gorin asali, masu gorin addini, masu ce wa wanda aka haifi kakansa a gari baƙo. Wanda aka ce wa "nonsense" a gidan mai yakan kwana ya manta. Wanda aka yi wa gorin asali ko na addini yakan tafi ya tara 'yan'uwansa. Jiharmu ta ga inda ƙaramar magana take kaiwa: rikicin Wukari na Fabrairu 2013 daga saɓanin matasa a filin ƙwallo ya taso, aka yi asarar rayuka da gidaje. Don haka ba na cikin masu cewa laifin Turanci ne, ko a koma wa Hausa komai ya gyaru. Ƙorafina shi ne rabi muka ɗauko. Mun ɗauko Turancin hawa, mun bar na sauka. A lokaci guda kuma hanyoyin saukar da muka gada, biko da abokin wasa da darajar dattijo, suna ta raguwa saboda gari ya girma, ba mu kuwa yi musu madadi ba.

Yaran yanzu sun fi mu Turanci nesa ba kusa ba, sun kuma fi mu hanyoyin fushi. A waya suke yi, a Facebook da WhatsApp, inda babu mai wucewa da zai jingine keke ya ba da haƙuri, kuma abin da aka rubuta da tsakar dare yana nan da safe kowa ya gani. Ina karanta abin da 'ya'yan ƙannena suke rubutawa, in ga ƙololuwar nan ta allon malaminmu suke farawa da ita a kan ƙwallo ko siyasa, ba su san akwai matakai a ƙasa ba.

Kirana ga malaman Turanci ne na makarantun Jalingo, da masu horar da su a Kwalejin Ilimi ta Zing da Jami'ar Jihar Taraba. In kun zo darasin salon maganar fushi, ku nuna wa yara hoton da ke bayan kowace magana, ku koya musu matakan daga ƙasa, kuma duk maganar fushi guda da kuka ba su, ku haɗa musu da ta neman afuwa da ta ba da haƙuri, ku sa su a jarrabawar aji ko da WAEC ba ta tambaya ba. Ku bar yaro ya kawo irin tasu daga Hausa da Fulatanci da yaren Mumuye da Jukunanci ya faɗa a gaban 'yan'uwansa, kada a ci shi tara a kan haka. Ku kuma iyaye, kada Turancin yaro ya burge ku har ku kasa jin abin da yake faɗa. Yaron da ya yi wa maigadi ko mai aikin gida ko ɗan Keke Napep sa'an ubansa tsawa da Turanci, a tsawatar masa daidai yadda za a yi da a ce da harshen gida ya yi.